Me ke sa muryar ogan mai bututu ta riƙa rawa, alhali ba a busa shi da baki?

Mai Fiyano Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da iyayen da ke wannan zaure. Sana'ata kiɗan fiyano ce a wani ƙaramin situdiyo a Kano, yau shekara 7 ke nan, kuma da kunne na koya, kamar yadda akasarinmu muka koya. A watan jiya na raka wani abokin aikina Legas bikin ƙanwarsa, aka ɗaura auren a wata tsohuwar majami'a mai ogan irin na bututu, wato wanda za ka ga bututan ƙarfe sun yi sahu a jikin bango, wasunsu sun ninka tsayin mutum. Bayan jama'a sun watse, abokin nawa ya roƙi makaɗin ya ɗan nuna mini yadda abin yake aiki.

Sai ya ɗora yatsa ɗaya a kan madanni ya riƙe, sautin ya fito a miƙe kamar an ja zare, babu ko gezau. Yana nan riƙe da shi, ya miƙa ɗaya hannun ya jawo wani maɓalli da aka rubuta Tremulant a jikinsa, nan take sautin ya kama karkarwa kamar muryar wanda ya daɗe yana kuka sannan aka ce ya yi magana, kuma can cikin katakon na riƙa jin wani abu yana yin fat-fat-fat a hankali kamar fukafukin tattabara. Ya mayar da wannan, ya jawo wani dabam mai sunan Faransanci, sai sautin ya shiga wani irin lilo mai sanyi, a hankali, kuma wannan karon babu wancan bugun. A duk tsawon lokacin yatsansa bai motsa ba. Ban samu damar tambayarsa ba domin ana jiransa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mai goge yana girgiza yatsa, mawaƙi kuma maƙogwaronsa ne ke yi, to a nan me ke girgizawa? Kuma rawar farko da ta biyu abu ɗaya ne, ko kuwa kowace da hanyarta? A fiyanon Yamaha da nake aiki da shi akwai tiremolo, akwai bibirato, akwai rotari, kuma maigidana ya ce duk kanwar ja ce, sunaye ne kawai aka yawaita don a sayar da kaya. Kunnena bai yarda da wannan magana ba, amma ba ni da hujjar da zan kawo masa.

Malamin Fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka ya fi maigidanka gaskiya, ko da yake ban ce ka je ka gaya masa haka ba.

Akwai siffofi biyu na sauti da ya kamata a fara rabawa. Ɗaya ita ce ƙarfinsa, wato ko da ƙara yake fita ko a hankali. Ɗayar kuma kaifinsa ko kaurinsa, wato abin da ke bambanta muryar yaro da ta dattijo ko da dukansu raɗa suke kusan yi. Idan ƙarfin ne yake hawa da sauka da sauri, kaifin yana nan inda yake, masu aikin sauti suna kiran wannan tiremolo, kalmar Italiyanci ce da ke nufin karkarwa. Idan kuwa kaifin ne yake ɗan hawa yana sauka, wannan shi ne bibirato, irin abin da mai goge ke samarwa idan ya girgiza yatsa a kan tsirkiya. Muryar horarren mawaƙi tana yin irin wannan rawa kamar sau 5 zuwa 7 a cikin sakan ɗaya.

Game da ogan kuwa, ka tuna zugazugin maƙeri. Yaron da ke zuga yana danna na dama ya ɗaga na hagu, garwashin yana haske yana dushewa daidai da motsin hannunsa. Da haka iska take isa bututan ogan, da babu mai iya zama ya saurare shi. Saboda haka maƙeran ogan suka sa rumbun iska a tsakani, wani akwati mai gefen fata da ke kumbura, an danne samansa da nauyi ko da sifirin. Iskar da zugazugi ya huro, ko injin lantarki a wannan zamani, a nan take fara taruwa, sannan ta bi magudana zuwa akwatin da bututan suke tsaye a kansa, da matsi guda wanda ba ya canzawa. Dabarar mai algaita ke nan da yake tara iska a kumatu yana tura ta yayin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, shi ya sa ba ka jin inda numfashinsa ya yanke. Da ruwa ake auna wannan matsi, a cikin lanƙwasasshen bututun gilashi, kuma a tsofaffin ogan na Turai iskar takan ture ruwan da kamar inci 3 ne kawai.

To tiremulan, wanda ka ga an jawo da farko, aikinsa shi ne ya ɓata wannan daidaito da gangan. A irin wanda ya fi yawa, wata 'yar jakar fata ce mai ƙyaure aka haɗa da magudanar iska. Iska ta cika ta, ƙyauren ya saki wani kaso waje, jakar ta sace, ta sake cika, haka dai sau da yawa a cikin kowane sakan. Wannan shi ne fat-fat ɗin da ka ji. Duk lokacin da ta saki iska matsin da ke ƙarƙashin bututan yana raguwa, idan ta rufe ya dawo. Ka ɗauki sarewa ka busa a hankali sannan ka ƙara ƙarfi, za ka ji ƙarar ta ƙaru, kaifin ma ya ɗan hau. Bututun ogan ma sarewa ce, saboda haka tiremulan yana girgiza ƙarfi da kaifi a lokaci guda. Masu gardamar ko tiremolo yake yi ko bibirato ba za su taɓa gamawa ba, domin duka biyun yake yi.

Wani ɗan zuhudu Bafaranshe, Dom Bedos, wanda ya wallafa babban littafinsa kan ƙirar ogan tsakanin 1766 da 1778, ya bayyana iri biyu da Faransawa ke amfani da su a zamaninsa. Mai taushin wani marfi ne a cikin magudanar kanta, an ɗaura masa sifirin mai ɗauke da dalma a ƙarshensa, iskar da ke wucewa tana tura shi yana lilo, ba tare da ta fita waje ba. Mai ƙarfin kuwa zubar da iskar yake yi waje, don haka bugunsa ya fi tsanani, ya kuma fi surutu. Abin lura a duka biyun shi ne, duk bututun da ke shan iska daga wannan magudana sai ya yi rawa, makaɗi ba shi da ikon ya ce wannan ya girgiza wancan ya tsaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa a manyan ogan ake ba kowane sashe iskarsa, domin hannun da ke jan waƙa ya yi rawa, hannun da ke rakiya ya tsaya daram.

Maɓalli na biyu kuwa ba ya taɓa iska ko kaɗan, shi ya sa ba ka ji bugu ba. Bututu biyu ne ke kuka tare, ɗaya ya ɗara ɗaya kaifi da ƙanƙanin abu. Idan ɗaya yana kaɗa iska sau 440 a sakan, ɗayan sau 443, to sau 3 a kowane sakan za su haɗu su ƙarfafa juna, sau 3 kuma su saɓa su raunana juna, kunne sai ya ji lilo. Lissafin ke nan a takarda, amma yadda ake saita shi da hannu sai waɗanda suka shiga cikin ogan su yi bayani.

Baba Mai Ogan ya amsa:

Salama gare ku duka. Ɗana Mai Fiyano, Malam ya gama maka maganar iska, ba ni da abin ƙarawa a kai. Na biyun da ka ji, kusan tabbas Voix Céleste aka rubuta a jikinsa, wato muryar sama da Faransanci. Akwai ɗan'uwansa mai suna Unda Maris, igiyar teku ke nan da Latin, wanda ya fi shi laushi.

Lokacin da nake karatu a Ingila ina saurayi, nakan samu ɗan kuɗin kashewa ta hanyar riƙe wa wani tsoho mai saita ogan madanni. Aikina kawai in zauna in danna, shi kuma yana can sama cikin ƙura tsakanin bututai, idan ya gama da ɗaya ya yi mini tsawa in matsa gaba. A bakin kowane bututun ƙarfe akwai wani zobe da ake bugawa sama ko ƙasa da ɗan ƙarfe, idan ya sauka bututun ya gajarta kaifinsa ya hau, idan ya hau bututun ya ƙara tsawo muryarsa ta yi kauri. Tsohon nan ba ya amfani da wata na'ura. Yakan sa bututu biyu su yi kuka tare, ka ji suna wau-wau-wau da sauri, yana bugun zoben kaɗan-kaɗan rawar tana ja baya, wau, can kuma wau, har ta kwanta gaba ɗaya, to sun daidaita ke nan. Duk rayuwarsa farautar wannan rawa yake yi yana kashe ta. Amma idan muka zo sahun muryar sama, sai ya kashe rawar tukuna, sannan ya ƙara wa zoben bugu ɗaya ƙasa ya dawo da ita, ya tsaya yana ƙirga ta da kunne har ta yi daidai da yadda yake so. Ranar farko na zaci kuskure ya yi, na ɗaga murya na gaya masa, ya leƙo ta tsakanin bututai ya kalle ni bai ce uffan ba.

Abubuwa biyu na koya daga wannan sahu. Ba a dasa shi dab da abokin kukansa, domin bututu biyu da kaifinsu ya yi kusa, idan suna maƙwabtaka sukan ja juna su koma murya ɗaya, rawar ta mutu, don haka ake sa wani sahun a tsakaninsu. Kuma galibi ba ya kaiwa can ƙasa wajen manyan bututai, daga ɗan sama da su yake farawa ya hau. Italiyawa sun san wannan dabara tun ƙarni na 16, amma a ogan ɗin Faransa na ƙarni na 19 ta yi tashe, musamman a aikin Aristide Cavaillé-Coll, wanda ya ƙera na majami'ar Sainte-Clotilde a 1859, ya kuma sake gina na Saint-Sulpice a 1862, dukansu a Faris.

Kada ka rikita wannan da Vox Humana, wato muryar ɗan Adam. Shi wannan harshen tagulla ne ke kaɗawa a gindin gajeren bututu, kuma shi ne babban abokin tiremulan. Idan ka kaɗa shi ba tiremulan, ni dai a kunnena kukan akuya yake yi. Idan ka haɗa su, ka rufe ƙyauren akwatin da yake ciki, kana zaune can ƙarshen majami'a mai amsa kuwwa, za ka rantse wasu mutane ne ke rera waƙa a bayan bango.

Duk da haka ni ba masoyin tiremulan ba ne, kuma ina da dalili. Ba a jawo shi idan jama'a suna waƙa, domin mutum ɗari uku suna neman murya tsayayya da za su jingina a kai, idan ka ba su mai rawa kowa sai ya kama gabansa. Ba a jawo shi idan an buɗe ogan gaba ɗaya, domin sai ya zama kamar ƙato mai zazzaɓi. Wurinsa shi ne murya ɗaya, a hankali, na ɗan lokaci. Na taɓa shan kunya da shi a wata jana'iza bayan na dawo gida. Fatar jakar ta bushe da hunturu ban sani ba, ana shigowa da gawa na jawo shi don waƙa mai sanyi, sai ya kama ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana sara itace, har ya rufe waƙar. Matar mamacin ta waiwayo ta dubi inda nake. Tun daga ranar ba na jawo shi a gaban jama'a sai na gwada shi da safe.

Waɗanda suka mayar da shi abincin yau da kullum su ne masu ogan na gidajen silima a Amurka da Ingila, zamanin da fim ba ya magana. Kamfanin Wurlitzer, wanda ya ɗauki Baturen Ingila Robert Hope-Jones aiki a 1910, ya ƙera irin waɗannan fiye da 2,000, da iska mai matsin inci 10 ko fiye, da tiremulan masu zurfi da kusan ba a kashe su. Da fim mai magana ya shigo daga 1927 kasuwarsu ta faɗi. Ban yi musu kuka ba.

Akwai kuma rawar da ba wanda ya gayyace ta, kuma ita ce ta fi damunmu a ƙasar zafi. Bututun da ke kuka irin na sarewa kaifinsa yana hawa idan ɗaki ya yi zafi, domin sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi. Idan ka raba tazarar da ke tsakanin madanni da maƙwabcinsa gida 100, kowane digiri ɗaya yana ɗaga shi kamar gida 3. Masu harshen tagulla kuwa ba sa bin su da wannan sauri. Ogan da aka saita da sanyin safiya, idan rana ta take majami'a ta cika da mutane, sai ka ji sahu da sahu suna faɗa. Lissafinta ɗaya da na muryar sama, bambancin kawai wannan ba a auna ta ba.

Injiniya Sabon Gari ya amsa:

Baba, a gafarce ni, amma silimar nan da ba ka yi wa kuka ba ita ce kakar rotarin da ke cikin fiyanon ƙanena.

Laurens Hammond ya fito da ogan ɗinsa na lantarki a 1935, ba bututu ko ɗaya, wasu ƙananan faya-fayen ƙarfe ne ke juyawa a gaban maganaɗisu suna haifar da sauti. Wani mutum mai suna Donald Leslie ya saya, ya kai gida, ya ji muryar a sandare, ba ta kama ƙafar ogan ɗin silima da yake ƙauna ba. Shi bai girgiza iska ba, bai kuma saɓa bututu biyu ba, sai ya sa sautin kansa ya riƙa zagaye. A cikin akwatin katako ya sa ƙaho mai juyawa a sama don siraran muryoyi, da ganga mai juyawa a ƙarƙashin babbar sifika don masu kauri, ya fara sayarwa a 1941. Shi Hammond bai so abin ba ko kaɗan, amma makaɗa suka yi ta saye.

Na taɓa kwance irin wannan akwati sau ɗaya. Ƙahon biyu ne suna kallon gabas da yamma, amma ɗaya ne kawai ke fitar da sauti, ɗayan a toshe yake, an sa shi ne don nauyi ya daidaita kada ya yi ta girgiɗi. Idan bakin ƙahon ya juyo wajenka ƙara ta ƙaru, idan ya ba ka baya ta ragu, tiremolo ke nan. Sannan yayin da yake tahowa kaifin yana ɗan hawa, yayin da yake komawa yana sauka, kamar yadda kukan babur yake kaifi idan ya nufo ka, ya yi kauri da zarar ya wuce, abin da Christian Doppler ya yi bayaninsa a 1842. Wannan kuma bibirato ne. Ga shi kuma sautin yana bugun bangon ɗaki ta ko'ina yana dawowa. A gudu mai sauri ƙahon yana zagaye kusan sau 400 a minti, a na hankali kuwa tsakanin 40 da 50. Mafi daɗin wurin shi ne lokacin da aka sauya gudu, domin ƙahon ba shi da nauyi, nan da nan yake ɗaukar wuta, ita kuwa gangar sai ta ɗauki 'yan sakanni tana binsa a baya. Idan kana son jin rotarin fiyanonka sosai, ka haɗa sifika biyu, hagu da dama, domin a sifika ɗaya rabin abin ya tafi.

Rikicin sunaye kuwa, ba maigidanka ne ya fara shi ba. Kamfanin Fender ya fitar da jitar Stratocaster a 1954 da wani hannun ƙarfe da ya kira tiremolo, alhali hannun yana sassauta tsirkiya ne yana ɗaure ta, wato kaifi yake canzawa. Sannan a amfilifayoyinsa da yawa ya rubuta bibirato a kan abin da ƙara kawai yake ragewa yana ƙarawa. An yi musayar suna, kuma har yau masu jita a haka suke kiransu.

Malama Mai Bayolin ta amsa:

Ina neman afuwar Baba, domin na fahimci maganarsa kamar rawar sauti wata sabuwar bidi'a ce da silima ta kawo, alhali ta girmi silima da ɗaruruwan shekaru. A 1617, a birnin Banis na Italiya, Biagio Marini ya wallafa wani kiɗa inda ya umarci masu bayolin, wato gogen Turawa, su yi karkarwa da bakan gogensu, a daidai wurin kuma ya rubuta wa mai ogan cewa ya sa tiremulan. Abin da ke burge ni a nan shi ne juyin da aka yi. An ƙirƙiro tiremulan ne don ogan ya kwaikwayi numfashin mai rai, sai ga masu rai suna kwaikwayon ogan, suna danna baka suna sassautawa a cikin ja ɗaya.

Mu masu bayolin ma muna da namu ma'anar kalmar tiremolo, wadda ta saɓa da ta Injiniya. A wurinmu tana nufin a maimaita murya ɗaya da sauri ƙwarai, bakan yana kai da komo da ɗan tsininsa. Monteverdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya yi amfani da maimaici mai sauri irin wannan a 1624 don nuna zafin yaƙi, kuma da kansa ya ba da labarin cewa makaɗa sun ɗauki abin a matsayin abin dariya da farko.

Inda na yarda da Baba shi ne batun iyaka, kuma ƙorafin ma tsoho ne. Leopold Mozart, a littafinsa na koyar da bayolin na 1756, ya soki makaɗan da ke girgiza kowace murya kamar masu ciwon karkarwa. Ɗansa Wolfgang kuma, a wata wasiƙa da ya aika masa daga Faris a 1778, ya ce muryar mutum tana da rawarta ta halitta mai daɗi, wadda ake kwaikwaya a kayan busa da na tsirkiya, amma da zarar an wuce gona da iri ta daina kyau, ta koma kamar ogan da aka girgiza masa zugazugi. Ka ga misalin da ya zaɓa don muni shi ne iskar da ba ta zauna ba, wadda ita ce kuma tiremulan ke samarwa da awo. Ni ina hana ɗalibaina bibirato har sai sun iya tsayar da murya daidai, domin yaro yakan fake da rawa ya ɓoye cewa yatsansa bai sauka inda ya kamata ba.

Kuma ba dole ne mutum ya zaɓi ɓangare ba. Fela Sowande, makaɗi ɗan Najeriya da aka haifa a 1905, ya yi kiɗan ogan na majami'a a Landan, ya kuma kaɗa Hammond a can, bai ga ɗaya ya hana ɗaya ba.

Mai Fiyano Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, ya ja da ran Baba. Jiya da dare bayan kowa ya tafi na zauna na riƙe madanni ɗaya ina kunna su ɗaya bayan ɗaya, kuma yanzu na ji bambancin sarai. Na kuma ɗora muryar goge biyu, na ɗaga ɗaya kaɗan, sai ga lilon nan na Legas ya fito, har tsikar jikina ta tashi. Saura abu ɗaya. Akwai wata mawaƙiya da muke aiki da ita mai rawar murya sosai, kuma duk sanda na sa tiremolo a ƙarƙashin muryarta sai waƙar ta dagule, kamar ba ta hau kiɗan ba, alhali na san ta hau. Me ke kawo haka?

Malamin Fiziks ya sake amsawa:

Lissafin 440 da 443 ne ya dawo ta wata ƙofa. A ce muryarta tana rawa sau 6 a sakan, fiyanonka kuma sau 5. Wani lokaci za su hau tare, bayan rabin sakan ita tana hawa shi yana sauka, kuma tata rawar ba ta inji ba ce, tana sauri tana lafawa gwargwadon numfashinta, don haka ba za ka taɓa saita su su tafi tare ba. Kunnen mai sauraro yana neman tsayayyen abu guda da zai auna muryarta da shi, idan ƙasan ma yana motsi sai ya ɗora laifin a kanta. Ka kashe shi a duk inda take waƙa, ka dawo da shi a gurbin da ta yi shiru. Idan kana son ɗan motsi a ƙarƙashinta, ka sa rotari a gudun hankali, wanda bai kai zagaye ɗaya a sakan ba, ya yi nisa da saurin muryarta ta yadda ba za su yi karo ba.

Baba Mai Ogan ya ƙara da cewa:

Malama, na karɓi gyara a kan 1617, amma a kan silima ina nan inda nake. Ɗana, ka duba ko fiyanonka yana da wurin jinkirta rawar, domin da yawansu suna da shi. Ka saurari wannan mawaƙiya taka da kyau idan ta ja murya mai tsawo, za ka ji a miƙe take farawa, sai can wajen ƙarshe rawar take shigowa. Tiremulan na bututu ba ya iya wannan sai makaɗi yana da hannun da zai miƙa ya jawo shi a tsakiyar murya, kuma sau da yawa hannayena biyu da ƙafafuna biyu duk suna kan aiki. Kai naka injin zai yi maka shi a kyauta. Ka sa jinkirin kamar rabin sakan, ka rage zurfin zuwa inda kake zaton ya yi kaɗan, sannan ka kira ta ta rera baitin nan kuma.